Kalmar da Ta Rage Masa

Litinin, 4 ga Mayu

An sallamo mu daga asibiti. Maza huɗu ne suka hau da Maigida bene a kan kujera, suna nishi, wannan na cewa a karkata, wancan na cewa a ɗaga. A ƙofar ɗaki suka maƙale. Ƙofar da shi da kansa ya yi, kafinta guda, ya matse ta har ni da jikina sai na ɗan yi gefe idan ina ɗauke da kwano. Shekara da shekaru ina yi masa gori a kanta, yana cewa ƙofa lafiyarta ƙalau, mai shiga ce ta ƙaru. Yau sai da aka ajiye kujerar aka shigar da shi a hannu kamar buhu.

Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Likita ya ce yana ji, yana ganewa, hanyar magana ce ta toshe, wasu ma kalma ɗaya ke rage musu. Ban saurara sosai ba, hankalina na kan yadda za mu hau bene.

Kalma ɗayar ce ta rage masa. Zan rubuta ta sau ɗaya, ba zan ƙara ba: shege.

Dattijon ikilisiya. Mutumin da guduma za ta sauka a yatsarsa ya ce "Na gode Allah". Ban taɓa jin ta a bakinsa ba tun da aka ɗaura mana aure.

Laraba, 6 ga Mayu

'Yan ƙungiyarmu ta addu'a sun zo, Shugaba a gaba. Kwamanda, in ji Maigida. Shi ya sa mata sunan a gida, don ko gaisuwa take yi kamar tana ba da oda. Ina kwaɓarsa ina dariya. Shekara nawa ina bin ta gida-gida muna yaƙi, ni ce mai muryar da ake ji daga titi, har wani daɗi nake ji idan an faɗa.

Allah ya sani sun taimake ni. Ban san mutum na da nauyi haka ba sai da na yi ƙoƙarin juya shi ni kaɗai. Su biyu suka ɗaga shi, aka canja zanin gado, aka goge masa jiki. Matar Direba, ƙawata, ta share falo ta wanke kwanuka ba tare da ta tambayi inda soso yake ba.

Da aka gama Kwamanda ta durƙusa ta ce, "Baba Dattijo, sannu da jiki." Ya dube ta, ya yi ta kokawa da bakinsa, sai ga kalmar. Sarai, ba gargada.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba da haƙuri, ina kawo maganar likita. Ta ɗaga min hannu. Ta ce likita ya san jijiya, bai san murya ba. Ta ce in tuna wanda nake aure, in gaya mata tsakani da Allah ko wannan bakinsa ne.

Na ce ba bakinsa ba ne. To me zan ce?

Alhamis, 7 ga Mayu

Bayana kamar an doke ni da katako.

Lahadi, 10 ga Mayu

Na ji ƙararrawar sujada daga nan. Shi ke kaɗa ta a da, nasa bugun a hankali ne, wannan mai gaggawa ne ko wane ne. Tagarmu bangon maƙwabta take kallo da tankin ruwansu, sai ka leƙa sosai kafin ka ga ɗan yankin titi. Na ga ƙafafun mutane suna wucewa da takalman Lahadi.

Bayan sujada suka zo su da yawa, falo ya cika har matakala. An raba aiki: kullum mutum biyu da safe, biyu da yamma, ba za a bar gidan ba addu'a ba. Da na ji haka hawaye ya zubo min, na godiya ne, don hannu huɗu kenan na ɗaga shi.

Sai doka. Kwamanda ta ce ba a hira da magabci. Duk lokacin da kalmar ta fito, duk wanda ke kusa ya tsawata mata nan take cikin sunan Yesu, da ƙarfi, kada a ba ta wurin zama. Ba a tambaya me yake so, ba a amsa. Ta ce idan kin amsa, kin ciyar da shi kenan. Ta dube ni musamman. Ta ce yawanci ta wajen matar gida ake samun ɓaraka, saboda tausayi.

Talata, 12 ga Mayu

Haka muke yi. Ya faɗa, mu taso masa. Wani lokaci mu uku a kansa, yatsa a miƙe, man shafewa na zuba masa a goshi har cikin kunne. Muryata ta fi ta kowa, ai na saba.

Yau da rana ya faɗe ta sau da yawa a jere. Muka yi ta tsawatarwa har maƙogwarona ya bushe, na ɗauki kofin da ke kan ɗan teburin gefen gado na sha ruwa. Sai na ga idonsa ya bi kofin.

Na jira har aka ɗan jima, don kada ya zama amsa ce, sannan na ba shi. Ya shanye tas.

Juma'a, 15 ga Mayu

An fitar da rediyo. An fitar da akwatin kayan aikinsa da ke ƙarƙashin gado, zarto da guduma da ma'auni, wai ba a san hannun da ya taɓa su a shago ba. Ya bi akwatin da ido har ƙofa.

Auta ta kira. Tana can nesa da mijinta da goyo, ita komai a waya mai sauƙi ne. Wai Mama ku daina yi wa Baba ihu, wai a kai shi wurin masu motsa jiki a asibiti. Na ce wa zai sauko da shi, ke? Na ce waɗanda kike cewa masu ihu su ne ke ɗaga ubanki a kan fo. Ta fara kuka, ni ma na ji haushin kaina, na ce kuɗin wayarta zai ƙare ta kashe.

Makarantar da nake koyarwa sun aiko a gaishe ni. An ba wata ajina. Rabona da in taka ƙasa tun ranar da muka dawo, ko shara Matar Direba ke sauka da ita.

Litinin, 18 ga Mayu

Abin da ba zan iya gaya wa Kwamanda ba.

Da safe ina gyara masa matashin kai, 'yan aikin safe ba su iso ba, wari ya cika ɗakin, sai wani tunani ya zo min a hankali, ba hayaniya: da ya tafi tun a asibiti. Da yanzu an yi kuka an gama, ana yabonsa, ni kuma na huta. Ai wannan ba shi ba ne ma.

Na ajiye matashin na fita falo na zauna a ƙasa.

In dai akwai murya a gidan nan da ba ta Allah ba, wannan na ji ta da kunnena, kuma ba daga bakinsa ta fito ba. Na tsawata mata ƙasa-ƙasa. Ba ta tafi ba, gefe kawai ta koma.

Laraba, 20 ga Mayu

Na fito banɗaki na tarar da Kwamanda a tsugune a baranda tana wanke zanin da ya ɓata, da hannunta, ta naɗe hannun riga. Mace mai ciwon gwiwa. Na ce Mama ki bari, ta ce in je in kwanta.

Ban kwanta ba, na zauna kusa da ita. Ta ba ni labarin ɗanta na fari da ya rasu, wanda ba ta taɓa maganarsa. Ta ce lokacin ba ta san yaƙi ba, ta zauna a bakin gado tana shafa masa kai har aka ɗauke shi a gabanta. Ta ce tun ranar ta yi wa Ubangiji alkawari ba za ta ƙara zama tana kallo ba. Tana magana tana matse zanin, ruwa na bin gwiwar hannunta.

Yaya za ka yi gardama da mutumin da ke wanke maka kashi?

Asabar, 23 ga Mayu

Fasto ya zo. Ya tsufa, matakala ta ba shi wuya. Shi da Maigida tare suka kafa rufin majami'a. Ya ja kujera ya riƙe masa hannun hagu, sun daɗe haka. Can Maigida ya faɗi kalmar, amma a hankali, ya ja ta, kamar yadda yakan ce "abokina". Na ga Fasto ya buɗe baki zai amsa. 'Yan aikin yamma suka riga shi.

Ya sunkuyar da kai har suka gama. Ya yi gajeriyar addu'a ya tashi. Na raka shi bakin matakala, nan ne iyakata. Ya waiga ya ga ba kowa, ya ce in riƙa ba shi maganinsa a kan lokaci. Na ce Fasto, abin nan fa, mene ne? Ya ce, "Mu ci gaba da addu'a, 'yata."

Rabin ikilisiya na bayan Kwamanda, ya sani, na sani. Ya sauka yana riƙe da ƙarfe.

Talata, 26 ga Mayu

Yau sau ɗaya kawai ya faɗa.

Alhamis, 28 ga Mayu

Shiru. Jiya shiru, yau shiru. Sun yi waƙar nasara a falo har maƙwabcin ƙasa ya buga silin da sanda. Na tafa tare da su. Kowa na rungume ni, wai Ubangiji ya rufe bakin magabci.

Amma ya daina kira. Da can ko ba mu amsa ba na san lokacin fo ya yi. Yanzu sai dai in ɗaga bargo in tarar. Sau uku na canja zani yau. Yana kallon bango, bangon da ba komai a kansa sai ƙusar da kalanda take.

Na ce wa Matar Direba shirun nan bai min ba. Ta duba falo, ta ce in yi a hankali da bakina.

Lahadi, 31 ga Mayu

Ba ya cin abinci. Cokali biyu, ya kulle baki. Romon da yake so na yi, ya zuba ta gefen bakin da ya karkace, bai ko motsa ba.

Kwamanda ta ce abin bai fita ba, laɓewa ya yi, yanzu kuma yana so ya kashe gidan da yake ciki. Ta ce aikin ya fi ƙarfin ɗaki. Akwai wurin addu'a a kan dutse bayan gari, na sani, na taɓa raka wasu. Za a kai shi ranar Asabar, mako guda, azumi da addu'a. Ba magani, don ba a haɗa dogara biyu. Ni kuma ba zan bi ba.

Na ce Mama, maganin hawan jini ne fa. Ta ce wane jini ne ya fi na Yesu? Duk suka ce amin. Ni ma bakina ya motsa.

Ta ce in zaɓa da zuciya ɗaya, don su ba sa yaƙi a gidan da aka bar ƙofar baya a buɗe. Ba ta faɗa da fushi ba. Na gane dai: in ya zauna, su sun tafi, da hannuwansu.

Talata, 2 ga Yuni

Na durƙusa, addu'a ta ƙi zuwa. Ni da ake ji daga titi. Abin da na iya cewa kawai, Ubangiji ka gani. Gwiwata ta yi tsami na tashi.

In na hana, kuma ya zama gaskiyarsu ce? In na bari, kuma ya dawo a kwance cikin mota an rufe shi da zani? Duk inda na juya bango.

Alhamis, 4 ga Yuni

Na ce bari in yi masa aski kada a kai shi wurin mutane da gemu buzu-buzu. 'Yan aikin safe sun sauka sayo sabulu, mu biyu ne kawai, abin da ya yi wuya yanzu.

Na ɗora kwanon ruwa a kan ɗan teburin gefen gado. Teburin nan ƙafarsa ɗaya gajera ce tun fil azal, gidan kafinta ai ba ya rasa irinsa. Ya girgiza, ruwa ya zube min a zani. Ina gogewa na ji ƙwanƙwasa. Shi ne, da yatsun hagu, a jikin katakon, sau biyu, yadda yake yi a shago idan yana so a duba wuri. Ya nuna ƙafar. Ya nuna kwalin maganinsa. Na yage murfin kwalin na naɗe zan cusa, ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa: ƙara ninki ɗaya. Na ƙara. Teburin ya zauna daram.

Na ɗago ina murmushi, shi ma gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Ya ja numfashi zai yi magana. Na ga ta taho, na ga leɓensa ya shirya. Sai ya sa hannunsa ya toshe bakinsa, ya runtse ido, ya noƙe wuya kamar yaron da ya ga bulala.

Ni yake tsoro.

Na ce, "Baban Auta, faɗa. Ba kowa. Faɗa min." Bai buɗe ido ba. Na cire hannun, ya mayar.

Wane aljani ne ya san ninkin kwali? Ban sani ba, ni ba malamar tauhidi ba ce. Na gama askin, na ɗan yanke shi a haɓa.

Juma'a, 5 ga Yuni

Na haɗa masa jaka. Riga uku, bargo, tawul. Na sa maganin, na cire, na sa, na cire.

Na buɗe Maganar Allah wurin da ake lissafa kayan yaƙi, wurin da na sha koyarwa a ƙungiya har ina nuna yadda ake riƙe takobi. Yau ne na lura bayan an gama shirya mutum tsaf, ba a tura shi ko'ina ba. Tsayuwa aka ce ya yi. Na karanta na sake karantawa ko akwai inda aka ce a ruga, ban gani ba.

Wataƙila gajiya ce ke sa ina ganin abin da nake so in gani. Kwamanda za ta ce haka.

Asabar, 6 ga Yuni

Zan rubuta tun ban manta ba, ko da yake ban ga yadda zan manta ba.

Da hantsi motar Direba ta tsaya a ƙasa. Na ji su a matakala, maza huɗun nan da kujera, Kwamanda na ja musu waƙa. Ina cikin ɗaki ina ɗaure masa takalmi a ƙafar da ba ta ji. Jakar na bakin gado. Wallahi har lokacin ban yanke komai ba. Na tashi ne don in buɗe musu ƙofa.

Na buɗe. Sai ban matsa ba.

Shi ke nan abin da na yi. Na tsaya a tsakiyar ƙofar nan tasa, hannu ɗaya a wannan katako, ɗaya a wancan, na cika ta fam. Na gaba ya ce, "Mama, a ɗan ba mu hanya." Na ji shi. Ƙafata ta ƙi.

Kwamanda ta ratso ta zo gabana. Da farko lallashi, ƙanwata kaza, ƙanwata kaza, tsoro ne, kowa na ji. Duk ayoyin da na haddace ba wadda ta zo. Sai ta juya ta ce musu abin ya tsallaka ya kama matar. Suka taso min.

Ban taɓa tsayawa ta wannan gefen ba. Yatsu a fuskata, yawu na sauka min a kumatu, mai na bin idona yana yaji. Sunan da na fi so a duniya ana jifana da shi kamar dutse. Mutanen da na yi wa 'ya'yansu wankan jego. Ba a jin kalma ɗaya, ƙara ce kawai, kuma ba inda za ka sa bakinka ka ce ruwa nake so. Makonni yana shan wannan a kwance, ba ya ko iya juya baya.

A cikina nake kiran Yesu, ba don in kore su ba, don kada in matsa daga ƙofar.

Ban san tsawon lokacin ba. Mazan ba wanda ya yarda ya taɓa ni, matar Dattijo ce. Muryoyi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kwamanda ta rage ita kaɗai, muryarta ta dishe, idonta jawur, kuka take yi da gaske. Ta ce, "Zai mutu a hannunki."

Na ce, "To, a hannuna, Mama."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce na zaɓa. Ta ce wa sauran su karkaɗe ƙurar takalmansu, suka karkaɗe min a falo, suka sauka. Matar Direba ce ta ƙarshe, ba ta karkaɗe ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Da na saki katakon yatsuna sun ƙi miƙewa. Na waiga. Idonsa a buɗe, yana kallona. Na cire masa takalmin na ba shi magani.

Lahadi, 7 ga Yuni

Ba wanda ya hau.

Talata, 9 ga Yuni

Ba nasara ba ce, kada wata rana in karanta in yaudari kaina. Gidan ya yi shiru kamar kabari. Ina juya shi da zani, ina jan gefe ɗaya ina tokare gado da gwiwa. Wanki ya taru. Na roƙi maƙwabcin ƙasa ya sayo min burodi da sabulu, ya miƙo daga rabin matakala kamar mai gudun cuta. An ce a majami'a an sa sunana cikin waɗanda ake yi wa addu'a.

Tunanin nan na da ya tafi tun a asibiti ya dawo, yau har sau biyu. Kin gani? Ke kika jawo. Na ce masa na ji, na ci gaba da wanki.

Ina kewar waƙarsu. Ina kewar Kwamanda ma, abin haushi.

Har yanzu bai yi magana ba. Ya ci cokali biyar.

Alhamis, 11 ga Yuni

Mun faɗi.

Na ce bari in zaunar da shi a kujera ya huta da kwanciya, bayansa ya fara ja. Na rungumo shi ta hammata na ce ɗaya, biyu, ƙafarsa ta zame, muka tafi gaba ɗaya. Shi a kaina, ni a ƙasa, gwiwar hannuna ta daki ƙafar gado, zafin ya tafi har ƙwaƙwalwata. Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. Da ƙarfi kuma, da muryar nan tawa.

Kalmar. Ni.

Fuskarsa na kan kafaɗata. Sai na ji jikinsa na girgiza, gabana ya faɗi, na ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe dariya yake. Da rabin baki, yawu na zuba, dariya har da tari. Ya ɗago hannun hagu ya nuna ni da yatsa, ya kaɗa, irin na Kwamanda. Allah ka yafe mini, na yi dariya har na ɗan jiƙa zanina.

Sai ya faɗa. Ƙasa-ƙasa, yana kallon fuskata ya ga abin da zan yi. Na ce, "Na'am, ai na ji. Kai ne ka yi nauyi."

Mun daɗe a ƙasa, don ban san yadda zan tashe mu ba. Daga baya na jawo katifa na mirgina shi a kai. Nan muke kwana yanzu, ƙasa ba ta da inda za a faɗa.

Asabar, 13 ga Yuni

An ajiye tukunyar miya a bakin ƙofa, ba a ƙwanƙwasa ba. Na san murfin, na Matar Direba ne. Akwatin kayan aikinsa na gefe.

Litinin, 15 ga Yuni

Auta ta ce za ta zo ƙarshen wata idan mijinta ya samu hutu. Na ce to. Na sa masa wayar a kunne, ya faɗa mata sau biyu, ta ce, "Ni ma, Baba." Yarinyar nan ta fi ni kai.

Hannun dama na nan yadda yake. Ba abin da ya warke. Na leƙa taga na ga Kwamanda ta wuce da jakarta, tana ɗingishi, za ta wani gidan. Ta ɗan rage tafiya a saitin ƙofarmu, ko ni ce na ga haka. Na yi mata addu'ar gwiwarta.

Laraba, 17 ga Yuni

An yi ruwa da asuba, rufin baranda na yoyo, na tara bokiti. Wanki bai bushe ba. Maganin ya kusa ƙarewa, sai na san wanda zan aika.

Ban san ko daidai na yi ba, har yau. Wani lokaci ina jin tsoro idan na tuna fuskarta.

Shegen safe daban ne da na rana, na lura. Gajere, ruwa ne. Biyu a jere, fo, kuma in yi sauri. Akwai wani mai tsawo da yake yi idan na daɗe a baranda, wannan ba abin da yake so, ni ce kawai. Ba wai ina hira da shi ba ne. Aiki ne ya fi sauƙi haka.

Mun koma addu'ar safe yadda muke yi da can kafin ya tafi shago, sai dai yanzu ni ke ja. Ba ihu, ba ni da ƙarfinsa. Na riƙe masa hannun hagu, na gode don kwana, na roƙi ƙarfin yau kawai, na ambaci Auta da goyonta da Fasto da 'yan ƙungiya. Na ce cikin sunan Yesu, na dakata, don nan ne wurinsa, shekara talatin shi ke rufewa da amin.

Ya matse min hannu. Idonsa a rufe, kansa a sunkuye iya yadda wuyan ya yarda. Ya ce shege, a hankali.

Ban ƙara komai a kai ba. Na tashi na ɗora ruwan shayi.